Ciwon da Ke Ɓoye a Cikin Babban Janareta, da Yadda Ake Gano Shi

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren kimiyya, aji biyu na ƙaramar sakandare

Rubutunmu na wannan karon yana da ɗan tsawo. Idan an kaɗa ƙararrawa ba ku gama ba, ku dawo lokacin tara ku ƙarasa, mun sa wa takardun lamba.

A makon jarrabawar zangon da ya wuce, unguwarmu ta kwana uku babu wuta. Wasunmu da fitilar waya suka yi karatu, wasu da tocila, wasu kuwa barcinsu suka yi. Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu tana sayar da zoɓo da kunun aya, duk abin da ta sa a firji ya lalace. Da muka dawo hutu muka zauna taron ƙungiya, sai wata 'yar ajinmu ta ce ita fa ta gaji da rubutu a kan share aji da zuwa makaranta da wuri. Ta ce mu rubuta abin da ya dame mu: daga ina wuta take zuwa, kuma me yake kashe ta?

Muka kai tambayar wajen malaminmu na kimiyya. Ya ce ta yi faɗi, sai mun rage ta. Dalilan ɗauke wuta suna da yawa, kuma muna jin su a rediyo: ƙarancin iskar gas a tashoshi, raguwar ruwa a madatsu, faɗuwar turaku, ƙonewar taransifoma, satar waya. Yawancin duhun da muke kwana a ciki daga waɗannan yake. Amma malam ya ce akwai wata matsala da ba a cika faɗa a rediyo ba, domin a can cikin cikin janaretan take faruwa, inda ido ba ya kaiwa. Ita muka zaɓa, saboda ta fi ba mu mamaki.

Bari mu fara da ƙaramin janareta irin na shagon aski ko na mai cajin waya. Mutane da yawa suna ɗauka man fetur ne yake komawa wuta. Ba haka ba ne. Aikin fetur shi ne ya juya inji kawai. Injin kuma yana juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗiyar waya ta jan ƙarfe. Duk lokacin da maganaɗisu ya gilma kusa da waya, sai wutar lantarki ta motsa a cikinta. Wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ne ya gano haka a shekarar 1831, kuma har yau a kan wannan dabara janaretoci suke aiki, ƙananansu da manyansu.

Don haka janareta kashi biyu ne. Akwai ɓangaren da yake tsaye ba ya motsi, injiniyoyi suna ce masa siteta, daga nan wutar da ake turo mana take fita. Akwai kuma ɓangaren da yake juyawa a tsakiya, shi ne rota. Rota ita ce maganaɗisun.

To, ga abin da ya fara ɗaure mana kai. Mun zaci a cikin babban janareta akwai wani ƙaton maganaɗisu irin wanda ake cirewa daga tsohuwar sifika. Ashe babu. Rota dunƙulen baƙin ƙarfe ce da aka naɗa wa jan ƙarfe, kuma sai an ba ta wuta kafin ta zama maganaɗisu. Wato janareta yana cin wuta kaɗan don ya haifi wuta mai yawa. A manyan janaretoci wutar da ake ba rota takan wuce amfiya 1,000.

Malam ya sa mun gwada da hannunmu. Muka sami doguwar ƙusa, muka naɗa mata siririyar waya mai fenti da muka ciro daga mataccen koyil, muka haɗa bakin wayar biyu da batirin tocila. Nan take ƙusa ta fara ɗaukar allurai. Da muka cire batir, allurai suka zube. Daga nan malam ya ɗauki reza ya kankare fentin wayar a wuri biyu, ɗaya a kusa da farkon naɗin, ɗaya a tsakiya, ya haɗa wuraren biyu da guntuwar waya. Muka mayar da batir. Ƙusar ta ɗauki allurai, amma ba kamar da ba, sun ragu sosai. Me ya faru? Wuta ta sami gajeriyar hanya. Maimakon ta bi duk zagayen da muka naɗa, sai ta tsallake kusan rabinsu. Ƙarfin irin wannan maganaɗisu kuwa ya dogara ne a kan abu biyu: yawan wutar da ke wucewa, da yawan zagayen da take bi. Wannan abin da ya sami ƙusarmu shi ne ciwon da muke magana a kai. Idan zagaye biyu na naɗin rota suka taɓa juna, wuta ta tsallake, an sami matsala.

Yanzu mu bar ƙusa mu je wajen manya. A jihar Neja akwai madatsar Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka kammala a 1968, da janaretoci takwas. Akwai ta Jebba a ƙasa da ita a kan kogin. Akwai ta Shiroro a kan kogin Kaduna, wadda ta fara aiki a 1990 da janaretoci huɗu, kowanne megawat 150, jimla 600. A can Legas kuma akwai tashar Egbin, inda ake ƙona gas a tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Janaretocinta shida ne, kowanne megawat 220, jimla 1,320. Wutar da ake rabawa a duk faɗin Najeriya yawanci tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ku yi lissafi da kanku: janareta ɗaya mai megawat 220 ya kusa kashi 5 cikin 100 na wannan. Idan guda ɗaya ya kwanta wata biyu, ba unguwa ɗaya ce za ta ji a jikinta ba.

Wutar ƙasarmu tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Rotar janaretan tururi yawanci kai biyu gare ta, kan arewa da kan kudu, kamar maganaɗisun da muke gani a littafi. Don ta ba da wannan 50 ɗin, dole ta juya sau 50 a daƙiƙa, wato sau 3,000 a minti ɗaya. Ta madatsar ruwa daban take. Faffaɗa ce kamar ƙaton faifai, an jera mata kawuna da yawa a gefe, saboda haka ba sai ta yi sauri ba. Mai kawuna 40, alal misali, juyi 150 a minti ya ishe ta.

Juyi 3,000 a minti ba wasa ba ne. Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san yadda dutse yake jan igiya yana neman tserewa. Mun zauna da malamin lissafi muka auna. Idan kaurin rota mita ɗaya ne, tana juyi 3,000 a minti, to bayanta yana gudun kusan kilomita 565 a awa. Ƙarfin da ke jan jan ƙarfen waje kuma ya kai kusan ninki 5,000 na nauyinsa. Ma'ana, guntun jan ƙarfe mai nauyin kilo ɗaya yana danna abin da ya tare shi kamar tan biyar ne. Sai da muka sake lissafin sau biyu, don ba mu yarda ba da farko.

Naɗin babbar rota ba siririyar waya ba ce irin ta ƙusarmu. Falle-fallen jan ƙarfe ne masu kauri, an ɗora su ɗaya bisa ɗaya a cikin dogayen ramuka da aka yanka a jikin rotar. Tsakanin kowane falle da na samansa akwai shamaki, wato wani siririn abu da ba ya barin wuta ta wuce, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A bakin rotar biyu, inda naɗin ya fito daga rami ya lanƙwasa, akwai manyan zobba na ƙarfe masu riƙe shi kada ya watse. To wannan ɗan siririn shamakin shi ne yake shan duk wahalar.

Ban da dannewa, akwai zafi. Jan ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, kuma ya fi baƙin ƙarfe miƙewa. Falle mai tsawon mita shida, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 60, zai ƙara tsawon kusan milimita shida. Idan aka kashe inji ya huce, sai ya koma. A kunna ya miƙe, a kashe ya tsuke, kullum yana goga shamakin kamar yadda takalmi yake cin safa. Shi ya sa janaretan da ake yawan kashewa da kunnawa ya fi saurin tsufa a kan wanda yake tafiya ba tsayawa. Wannan ya sa muka gane wani abu. Duk lokacin da muka ji an ce babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe, ba duhun ranar kaɗai aka yi asara ba. Janaretocin da suka tsaya ba shiri, aka sake tayar da su, su ma sun ɗan ƙara tsufa.

Sauran masu laifin su ne datti, danshi, mai da ke yoyo, da ƙurar gawayin burushin da ke kai wa rota wuta. Akwai ma ƙurar jan ƙarfen kansa. Idan aka kashe janaretan tururi ba a barin rota ta tsaya cak, ana juya ta a hankali don kada ta lanƙwashe kafin ta huce. A wannan juyin na sannu fallayen suna ɗan motsi suna gogar juna, gari yana fita, garin kuwa yana iya zama gada tsakanin zagaye biyu.

Idan zagaye ɗaya ya haɗe da ɗan uwansa, janareta ba ya mutuwa nan take. Yana ci gaba da aiki, kuma abin da ya sa ciwon yake da haɗari ke nan. Da farko maganaɗisun yana raguwa kaɗan, sai masu aiki su ƙara wa rota wuta don a sami ƙarfin da ake so. Ƙarin wuta ƙarin zafi ne, ƙarin zafi kuma yana cin sauran shamakin. Abu na biyu ya fi ban mamaki. Ɓangaren da wuta ta tsallake ba ya yin zafi kamar sauran, don haka gefe ɗaya na rota ya fi ɗayan zafi. Gefen da ya fi zafi ya fi miƙewa, sai rotar ta ɗan lanƙwasa kamar baka. Lanƙwasar ba ta kai yadda ido zai gani ba, amma a juyi 3,000 ta isa ta sa injin duka ya riƙa karkarwa. Ku tuna fankar sama idan reshenta ɗaya ya lanƙwashe, yadda take rawa kamar za ta faɗo. Ita fanka kilo nawa ce? Rota kuwa nauyinta tan gomomi ne.

Akwai ciwo na biyu da ya fi wannan muni, wato jan ƙarfen ya taɓa jikin baƙin ƙarfen rotar. Taɓawa ɗaya ba ta ɓarna nan da nan, domin wutar ba ta da hanyar komawa. Amma idan aka sami taɓawa ta biyu a wani wuri, shi ke nan hanya ta buɗe, wuta mai yawa za ta bi ta jikin ƙarfen, ta ƙona shi, ta sa injin girgiza mai tsanani. Saboda haka ana sa wata na'ura da ke tura 'yar ƙaramar wuta tsakanin naɗin da jikin rota kullum. Muddin shamaki lafiya yake, ba abin da zai wuce. Da ta ga wuta ta fara wucewa, sai ta buga ƙararrawa. Ta farko gargaɗi ce, ba a so a jira ta biyu.

Kafin mu zo kan yadda ake gano ciwon, mun je wajen wani dattijo mai gyaran janareta da naɗa koyil a bakin kasuwa. Muka gaishe shi, ɗayanmu ya ce, “Baba, yaya kake gane koyil ya lalace tun ba ka kwance ba?” Ya yi dariya ya ce, “'Ya'yana, hanci da kunne. In na ji ƙauri, na san fenti ya ƙone. In na ji kukan inji ya sauya, na san akwai magana.” Ya nuna mana wani koyil da ya yi baƙi ƙirin a gefe ɗaya. Ya ce da mai shi ya kawo tun ranar da ya fara jin ƙauri, da bai kashe kuɗi da yawa ba.

Babban janareta ba a iya sa masa hanci. A rufe yake ruf, kuma da yawa daga cikin manyan na tururi iskar haidirojin ce a cikinsu, saboda ta fi iskar da muke shaƙa kwashe zafi. Ba kuma za a tsayar da shi kowane mako a leƙa ba. Fitar da rota aiki ne na makonni. Sai an kawo ƙugiya mai ɗaga kaya an zaro ta a hankali, sai an gasa waɗancan zobban sun buɗe kafin su fita. In gyaran babba ne yana iya cin watanni. A da, hanya biyu aka fi bi: ko a bari sai abu ya lalace a gyara, ko a tsayar da inji bayan wasu shekaru a duba, ko da lafiyarsa ƙalau. Ta farko tana jawo babbar asara, ta biyu kuma tana iya sa a kwance mai lafiya a bar marar lafiya. Dabarar da aka fi so yanzu ita ce a riƙa sa ido a kan lafiyar inji yana cikin aiki. Mu dai abin ya yi mana kama da awon ciki. Ba a ganin jariri, amma ma'aikaciyar asibiti tana aunawa, tana saurare, tana rubutawa a kati, kuma katin ne yake nuna mata ko wani abu ya sauya daga zuwan da ya wuce.

Awo mafi sauƙi shi ne na rajista. Tun janareta yana sabo ake rubuta yawan wutar da rota take bukata don a fitar da ƙarfi kaza. Idan bayan shekaru aka ga tana neman fiye da haka don aiki iri ɗaya, to akwai alamar wasu zagaye sun daina aiki. Matsalar wannan awo ita ce zagaye ɗaya a cikin ɗari da wani abu ba ya nuna bambanci sosai, kuma ba ya faɗin inda ciwon yake.

Akwai kuma awon karkarwa. Ana manna ƙananan na'urori a inda sandar rota take zaune, suna auna girgiza dare da rana. Amma abubuwa da yawa suna sa inji girgiza, ba naɗi kaɗai ba. Don a bambance, injiniyoyi suna da wata dabara mai kyau. Sai su bar komai yadda yake, su ƙara wutar rota kawai, su jira. Idan girgiza ta ƙaru, suka rage wutar ta ragu, to zafin rota ne yake lanƙwasa ta, kuma naɗi yana cikin waɗanda za a fara zargi.

Har hanci ma an yi wa janareta. Akwai na'urar da ke zuƙar kaɗan daga iskar da ke zagayawa a ciki. Idan shamaki ya fara ƙonewa a wani wuri, yana sakin ƙananan ɓurɓushi kamar hayaƙi, na'urar kuma tana gane su. Da muka ji wannan sai muka tuna da Baba mai naɗa koyil.

Amma wadda ta fi burge mu ita ce wata 'yar ƙaramar na'ura da muka raɗa wa suna ɗan leƙe. Wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Donald Albright, shi ya fito da dabarar a wajajen 1970. Ba wani abu ba ne illa ɗan ƙaramin naɗin waya da ake kafawa a jikin siteta, a cikin ɗan sararin da ke tsakaninta da rota. Ba ya taɓa rota. Yana zaune ne kawai kamar mai gadi a bakin ƙofa, ramukan rota suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ku tuna dokar Faraday: maganaɗisu ya gilma kusa da waya, wuta ta motsa. Kowane rami yana da ɗan maganaɗisunsa da ke kewaye da shi, gwargwadon yawan zagayen da ke aiki a cikinsa. Don haka duk ramin da ya wuce, ɗan leƙe yana fitar da 'yar wuta, kwamfuta kuma tana zana ta kamar tsini. A ƙarshe sai a ga layi mai tsinaye a jere kamar haƙoran zarto, kowane haƙori rami ɗaya.

Ga inda wayon yake. Kan arewa da kan kudu tagwaye ne, iri ɗaya aka naɗa su. Saboda haka haƙori na uku na kan arewa dole ya yi tsayi ɗaya da haƙori na uku na kan kudu. Sai kwamfuta ta ɗora zanen wannan a kan na wancan. Idan sun dace, lafiya. Idan haƙori ɗaya ya gaza ɗan uwansa, to a wannan ramin ciwon yake. Har yawan zagayen da suka mutu ana iya ƙiyastawa. A ce rami yana da zagaye goma, ɗaya ya haɗe, haƙorinsa zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Wato ba a tsayar da inji ba, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, amma an san kan da abin ya shafa, an san ramin, an san girman ciwon. Sai dai ba awo ɗaya ake yi a tafi ba. Babban maganaɗisun rotar yana rufe wasu haƙoran, kuma wurin da ya fi bayyana sarai yana matsawa idan nauyin aikin janareta ya sauya. Dole a auna lokacin da yake ɗauke da kaya kaɗan, a auna a tsakiya, a auna lokacin da ya cika, kafin a ga kowane rami da kyau.

Wani zai ce, me ya sa ba za a jira ranar da aka tsayar da inji a auna a tsanake ba? Mu ma mun tambaya. Amsar ita ce wasu ciwukan suna ɓuya. Zagaye biyu suna iya taɓa juna ne kawai lokacin da gudu ya danne su kuma zafi ya miƙar da su. Da inji ya tsaya ya huce, sai su rabu, awo ya nuna lafiya lau. Kamar babur ɗin da yake ƙara a hanya, da an kai shi wajen bakanike sai ya yi shiru. Ɗan leƙe yana kama irin wannan domin yana kallo ne a lokacin da abin yake faruwa.

Duk da haka awon tsaye yana da amfaninsa. Akwai wanda muka kira awon amsa-kuwwa. Ana tura wata gajeriyar wuta mai sauri ta bakin naɗin na farko, a kalli yadda take dawowa, sannan a tura ta ɗaya bakin. Tunda naɗin iri ɗaya ne ta kowane gefe, amsoshin biyu ya kamata su zama ɗaya, idan aka ɗebe wannan daga wancan a sami miƙaƙƙen layi. In akwai inda ya haɗe, layin zai karkace, kuma lokacin da karkatar ta ɗauka kafin ta bayyana yana nuna nisan wurin. Kamar ka yi kira a bakin rijiya ne, daɗewar amsar ta gaya maka zurfinta. Ga janaretocin madatsa masu kawuna da yawa kuma, akan ba naɗin duka wuta, a bi kawunan ɗaya bayan ɗaya da mita ana auna rabon kowanne. Tunda duk iri ɗaya ne, rabonsu ya kamata ya zo kusan daidai. Wanda nasa ya faɗi ƙasa da na sauran, shi ne marar lafiya.

Wani abin dariya da malam ya gaya mana: ciwon nan yana iya yi wa ma'aunin zafi ƙarya. Da wuya a sa ma'aunin zafi a jikin abin da ke juyi 3,000 a minti, saboda haka ana lissafa zafin naɗin ne daga yadda jan ƙarfe yake tauye wuta, domin tauyewar tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 duk ƙarin digiri 10. To idan wasu zagaye suka haɗe, hanyar wuta ta gajarta, tauyewar ta ragu, sai lissafi ya nuna rota ta yi sanyi alhali ba ta yi ba. Wanda bai sani ba sai ya yi murna.

Idan an gano ciwo, ba kullum ake kashe janareta ba. Wannan ma ya ba mu mamaki, mun zaci da an gani za a ruga a kashe. Janareta yana iya yin shekaru da zagaye ɗaya ko biyu a haɗe, in dai girgiza ba ta wuce iyaka ba. Abin da injiniyoyi suke kallo shi ne ko abin yana ƙaruwa. Bara ɗaya ne, bana uku? To lokaci ya yi da za a shirya. Za a nemi kayan gyara tun da wuri, musamman da yake irin waɗannan kaya sau da yawa daga waje ake kawo su, a nemi ƙwararru, a zaɓi lokacin da tsayar da injin ba zai cutar da jama'a sosai ba. A madatsar ruwa, misali, ana iya zaɓar lokacin da ruwa ya ja baya, tunda dama ba duk injinan ne za su samu ruwan aiki ba. A ganinmu nan ne amfanin abin yake. Na'urar ba ta gyara komai. Amma akwai bambanci tsakanin gyaran da aka shirya masa wata shida da wanda ya faɗo tsakar dare. Kuma na'ura ba ta da amfani idan babu mai duba zanen da take fitarwa, ya ajiye na bara, ya kwatanta da na bana. Wannan aiki ne na wanda ya iya lissafi da karanta zane, irin zanen da wasunmu suke gudu a ajin lissafi.

Ƙusarmu da batirinta suna nan a ɗakin gwaje-gwaje. Malam ya yarda duk mai son gani ya zo ranar Alhamis lokacin tara, za mu sake gwajin a gaban kowa, da naɗi mai lafiya da wanda aka kankare. Wanda yake da mataccen koyil a gida ya taimaka ya zo mana da shi, wayarmu ta kusa ƙarewa. Amma don Allah kada kowa ya gwada wannan da wutar soket, batirin tocila kaɗai muke amfani da shi, shi ma ba a barinsa a haɗe ya daɗe don wayar tana zafi.